Ga Shago Ga Kundin Digiri: Ko Taura Biyu Za Ta Taunu?

Duk wanda ya saba shiga kasuwanninmu na bakin iyaka, tun daga Birnin Ƙonni da Illela har zuwa Ɗan Isa da Jibiya da Mai'aduwa da Maigatari, zai lura da wani abu da ba a saba gani ba a shekarun baya. A bayan buhunan shinkafa da katan-katan na taliya, ko a ƙarƙashin teburin ɗan canji, sai ka tarar da tarin takardu an ɗaure su da roba, wani lokaci har da ƴar kwamfuta a naɗe cikin leda saboda ƙura. Mai su kuwa ba kowa ba ne illa yaron nan da ke auna maka sukari. Ɗalibin jami'a ne, ya gama zaman aji, ya ci jarrabawa, abin da ya rage masa shi ne kundin bincike, wanda ɗalibai a Nijar ke kira memuwar, na Najeriya kuma su ce furojet.

To a nan ne gizo ke saƙar. Mun sha ganin yaro ya yi shekara uku ko huɗu ko biyar yana kai da komowa tsakanin makaranta da kasuwa, mahaifinsa ko ubangidansa yana biyan kuɗin rajista da na mota, amma da an zo kan kundin sai abu ya tsaya cak. Wata ya wuce, shekara ta wuce, abokan karatunsa sun karɓi takardar shaida, shi kuwa yana nan yana cewa "saura kaɗan". A yawancin sassan jami'o'i idan babu kundi babu digiri, komai kyan makin da ɗalibi ya samu a aji. Ka ga an yi ɗawainiyar fatauci, an kawo kaya har ƙofar gari, sannan an kasa sauke su. Wannan ya sa muka ga ya dace mu tattauna a wannan fili a kan yadda mai shago a hannu zai shirya bincikensa ya kai shi ƙarshe, da kuma rawar da iyayen gida za su taka.

Jami'a ta matso kusa da kasuwa

A da, ɗan Nijar da ke son karatun jami'a a cikin ƙasa sai ya tafi Yamai, inda aka kafa jami'ar farko a farkon shekarun 1970, wadda daga baya aka sa mata sunan Abdou Moumouni, ko kuma Jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986. Wanda ya tafi ya bar kasuwa ke nan sai hutu. Amma a shekarar 2010 aka kafa jami'o'i a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 kuma aka ƙara na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi. A ɗaya ɓangaren iyaka akwai Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato da ta Umaru Musa Ƴar'aduwa a Katsina, waɗanda nisansu daga Ƙonni da Maraɗi bai kai kilomita 100 ba, ga kuma jami'ar karatu daga gida ta Najeriya, wato NOUN.

Wannan kusanci alheri ne, domin yaro yana iya karatu bai bar sana'ar gidansu ba. Amma shi ne kuma tarkon. Tunda yana kwana a gida, kowa na ganin yana nan, sai a aike shi sarin kaya, a bar masa shago ranar kasuwa, a tura shi karɓo bashi. Lokacin da ake zaman aji akwai jadawali da ke kare shi, kowa ya san ƙarfe takwas yana makaranta. Kundi kuwa ba shi da ƙararrawa. Babu wanda zai kira suna, saboda haka kullum shi ake ɗagawa zuwa gobe.

Mene ne kundin nan?

Yana da kyau iyaye su fahimci abin da ake nema daga ɗansu. Kundin bincike ba haddar darasi ba ne. Ana son ɗalibi ya ɗauki tambaya guda, ya karanta abin da magabata suka rubuta a kanta, ya fita ya tattaro bayani da kansa, ya tace shi, ya rubuta abin da ya gano, sannan ya tsaya gaban kwamitin malamai su yi masa tambayoyi. A jami'o'in Najeriya galibi babi biyar ake yi: gabatarwa, bitar ayyukan da suka gabata, hanyar da aka bi wajen binciken, sakamako, da kammalawa. A tsarin da jami'o'in Nijar ke bi kuwa, wato shekara 3 na lisans, 2 na masta, 3 na doktora, babban kundin yana zuwa ne a ƙarshen masta, kuma ranar kare shi, wadda ake kira sutnans, rana ce da dangi kan halarta. Kowane ɗalibi ana ba shi malami guda da zai duba aikin, kuma sai da sa hannunsa ake kai kundi gaban kwamiti.

A yi ciniki da maigida tun farko

Babban kuskuren da muke gani shi ne tunanin cewa za a rubuta kundi a cikin rarar lokaci, wato idan kasuwa ta lafa ko idan an dawo gida da dare. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin cewa ba a yin jari da rara. Wanda ya yini a tsaye yana ɗaga buhu yana jayayya da masu saye, idan ya buɗe littafi bayan lisha barci ne zai kwashe shi. Jarin mai bincike shi ne lokaci, kuma dole a ware shi tun farko kamar yadda ake ware uwar kuɗi.

Saboda haka matakin farko ba a jami'a yake ba, a zauren maigida yake. Yaro ya samu lokacin da hankali ke kwance, ya durƙusa ya ce: "Baba, ina neman alfarma. Aikin da ya rage mini na wata shida ne. Ina roƙon a bar mini safiya zuwa ƙarfe tara, da yini guda a mako. Ranar kasuwa kuwa ina nan daga safe har a tashi." Magana mai iyaka irin wannan ta fi shiga kunnen ɗan kasuwa a kan a ce masa "ina da karatu" kullum ba tare da ya san ranar gamawa ba.

Mu yi lissafi. Awa 2 bayan sallar asuba, kwana 6 a mako, awa 12 ke nan. A cikin mako 26, wato wata shida, an samu awa 312. Wanda kuma ya lizimci rubuta shafi ɗaya tak a kowace safiya, a cikin wata biyu yana da shafi 60. Da sanyin safiya ake kama fara, kuma a lokacin ne waya ba ta fara ƙara ba.

Haka nan a ɗora jadawalin binciken a kan kalandar kasuwa. Kowa ya san ranakunsa: Litinin da Juma'a a Maraɗi, Laraba a Ƙonni, Alhamis a Maigatari da Damagaram, Lahadi a Illela da Mai'aduwa. Kada ɗalibi ya yi alkawarin ganin malami ko miƙa babi a irin waɗannan ranaku. Shekara ma tana da nata ranakun kasuwa. Mai sayar da atamfa da shadda ba shi da kansa daga tsakiyar azumi zuwa ƙaramar salla, mai harkar raguna haka yake kafin layya, mai sayen wake da riɗi da aya kuwa kaka ce lokacinsa. A waɗannan makonni a sassauta wa kai, a tsaya ga ɗan karatu da gyaran abin da aka riga aka rubuta, a bar rubutu mai nauyi zuwa lokacin da ciniki ya ja baya. A kuma tuna cewa azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, don haka jadawalin bara ba zai yi bana ba.

Kasuwar ita ce gonar binciken

Shawara ta biyu ita ce a kan zaɓen batu. Ɗalibai da yawa suna son take mai girma, irin su tattalin arzikin Afirka ta Yamma baki ɗaya, alhali ba su da kuɗin zuwa ko'ina. Wanda ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfin jakinsa a hanya zai kwana. Ɗalibin tattalin arziki ko zamantakewa ko labarin ƙasa ko tarihi ko harshe da ke zaune a kasuwar iyaka yana zaune ne a tsakiyar gonarsa. Yadda farashin tiyar gero ke hawa da sauka tsakanin kaka da bazara a kasuwa guda, yadda dillalan shanu ke ba da bashi ba tare da takarda ba, yadda canjin naira da sefa ke sauya alƙiblar kaya, yadda tura kuɗi ta waya ya shafi masu kai saƙon kuɗi da hannu: kowane ɗaya daga cikin waɗannan ya isa kundi, kuma ana iya tattara bayaninsa ana tsaron shago.

Kada wani ya raina irin wannan batu, domin manyan masana sun yi suna da shi. Bafaranshen nan Emmanuel Grégoire ya wallafa littafi a 1986 a kan Alhazan Maraɗi, inda ya bi diddigin yadda suka taso daga cinikin gyaɗa zuwa harkar kayan da ake wucewa da su Najeriya, da irin dangantakar da ke tsakanin ubangida da baransa. Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan, ya fitar da littafinsa a 1969 a kan yadda masu masauki da dillalai Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro. Polly Hill ta yi nata a Ɓatagarawa kusa da Katsina, ya fito a 1972. Paul Lovejoy a 1980 ya rubuta tarihin fataucin goro zuwa Gwanja da rawar da Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka taka, Mahdi Adamu kuma a 1978 ya nuna yadda Hausawa suka bazu a Afirka ta Yamma. Yawancin waɗannan baƙi ne da sai da suka sha wahalar neman a yarda da su kafin a buɗe musu baki. Abin da suka ɗauki watanni suna tambaya, ɗan shago ya taso ya gan shi a gidansu. Abin da ya rage masa shi ne ya karanta ayyukansu, ya nuna abin da ya canja daga lokacinsu zuwa yau.

A kula da ma'auni da canji

Amma sabo da wuri yana da nasa haɗari, wato mutum ya ɗauka ya riga ya sani har ya ƙi rubutawa. Kwamitin malamai ba ya karɓar "kowa ya sani". Don haka a sayi littafi na musamman, daban da na bashi, a riƙa rubuta komai da kwanan wata da sunan kasuwa.

Abu uku ne suka fi ɓata lissafin ɗalibai. Na farko ma'auni: tiya da mudu da kwano ba girmansu ɗaya ba daga gari zuwa gari, buhu ma haka, saboda haka a ɗora a kan sikeli a san kilo nawa ne. Na biyu ƙidayar kuɗi: a Nijar da dala ake lissafi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce, wanda ya ce maka dala ashirin sefa 100 yake nufi, jaka guda kuma sefa 1,000 ce, alhali dattijo a Najeriya idan ya ce jaka yana iya nufin naira 200 ta tsohon lissafi. Na uku canji: sefa tana ɗaure da kuɗin Turai a kan 655.957 kowane yuro, naira kuwa tana yawo, musamman tun da aka sake ta a watan Yunin 2023. Farashin da aka rubuta da naira ba tare da canjin ranar ba, bayan wata uku ba ya gaya wa kowa komai. Wanda kuma zai kwatanta da shekarun baya kada ya manta da karyewar darajar sefa da rabi a watan Janairun 1994.

Bincike amana ne

Mun san dalilin da ya sa ɗan kasuwa ba ya son mai biro da takarda. Yana tsoron kada maganarsa ta ƙare a ofishin duwan ko na haraji, ko a kunnen abokin hamayya. Wannan tsoro yana da tushe, kuma ɗalibi ɗan gida ya fi baƙo nauyin kiyaye shi, domin baƙo zai tafi, shi kuwa a nan zai ci gaba da zama. A fara da gaida sarkin kasuwa da shugabannin ƙungiya, a nuna musu takardar jami'a, a faɗi abin da ake nema da inda zai je. Kada a naɗi muryar kowa a ɓoye. Kada a sa sunan mutum ko lambar shagonsa a cikin kundi sai da yardarsa, a maimakon haka a yi amfani da lamba ko harafi. Abin da kuma ɗalibi ya sani ta hanyar riƙe littafin maigidansa, irin su yawan jari da sunayen masu bashi, wannan sirrin gida ne, ba kayan kundi ba. Digiri ba zai biya amanar da ta zube ba.

Malami, yajin aiki da rufe iyaka

Malamin da ke duba aiki yana da ɗalibai da yawa, kuma wanda ya fi gani shi yake tunawa. Kada a ɓace wata huɗu sannan a zo da shafi 80 ana neman sa hannu cikin mako guda. A riƙa kai babi-babi, a rubuta gyaran da ya faɗa tun ana gabansa, a kuma gaya masa gaskiya tun farko cewa ana haɗa karatun da kasuwa. A nemi ƙa'idojin rubutu na sashen da ranar ƙarshe ta miƙa aiki, a lissafa daga wannan rana a dawo baya, a bar aƙalla wata guda domin gyara da bugu.

Har ila yau dole a yi tanadin abin da ba a zata ba, domin mu mazauna iyaka mun ga iri-iri. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa, ba a buɗe tsakanin ƙasashen biyu ba sai a Maris na 2024. Malaman jami'o'in Najeriya kuma sun yi yajin aiki na wata takwas a 2022. Duk ɗalibin da bincikensa ya rataya a kan tsallaka iyaka, ko a kan bin hanyar da ke da matsalar tsaro, ya kamata tun farko shi da malaminsa su shirya mafita ta biyu, kamar taƙaita aikin a ɓangare ɗaya ko yin hira ta waya da waɗanda aka riga aka sani. Lokacin yajin aiki kuwa ba hutu ba ne, shi ne lokacin tattara bayani da rubutu.

Kuɗi, ajiya da kayan jabu

Kundi yana cin kuɗi: mota, kati na intanet, fotokofi, bugu da ɗinkin kwafi da yawa. A rubuta kiyasinsu tun farko a nuna wa mai ɗaukar nauyi, kada a riƙa zara daga aljihun shago da niyyar za a mayar, domin daga nan ake fara samun saɓani. A kuma riƙa ajiye aikin a wuri uku: a kwamfuta, a filas, sannan a tura wa kai ta imel. Littafin da aka rubuta da hannu a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Gobarar kasuwa da ɓarawo da ɗaukewar wuta ba sa sallama.

Akwai kuma masu kasa kundi a faifai kamar tumatir, ka biya a rubuta maka, ko a canja sunan gari a tsohon aikin wani. Yanzu ga manhajojin da ke tsaro rubutu cikin daƙiƙa, waɗanda wani lokaci sukan ƙago sunan littafin da ba a taɓa wallafawa ba. Muna jan kunnen ƴaƴanmu: jami'o'i da dama suna da na'urar gano rubutun sata, kuma ko babu ita, tambaya biyu daga kwamiti ta isa ta tona wanda bai san abin da ke cikin kundinsa ba. Mai sayar da kaya ya san ƙarshen wanda aka kama da jabu a kasuwa, sunansa ne ke tafiya har abada.

Kada a manta da mata

Abin da muka faɗa ya fi tsanani a kan ƴaƴanmu mata da matan aure, waɗanda ke haɗa kundi da girki da raino, wasu har da sana'ar cikin gida. Safiyar da muka ce a ware, a wurinsu ita ce lokacin shirya yara. Idan miji ko uwa ko abokiyar zama ba su ɗauke musu wani abu ba, aikin ba zai yiwu ba. Amma suna da gatan da namiji ba shi da shi: suna iya shiga gidaje su ji yadda adashi da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da dillancin kayan ɗaki ke juya kuɗi, fannin da ɗalibi namiji ba zai wuce zaure ba a kansa.

Kira ga iyayen gida

Daga ƙarshe maganarmu tana kan ku, Alhazai da Hajiyoyi. Kun riga kun zuba kuɗin shekaru a kan yaran nan, abin da ya rage bai fi wata shida zuwa shekara ba. A nemo ƙane ko ɗan'uwa ya riƙe safiya, a rage aiken nesa, a riƙa tambaya babi na nawa ake, kamar yadda ake tambayar inda mota ta kai da kaya. Idan kuma ɗan wani ya zo rumfarku da takardar jami'a yana neman minti goma, a ba shi wurin zama, a faɗa masa abin da ba zai cutar ba. Ana yanke hukunci a kan iyaka da haraji da canji a manyan birane bisa abin da aka rubuta, kuma ya fi mana a ce wanda ya san zafin ranar kasuwa ne ya rubuta shi.

Masu iya magana sun ce taura biyu ba ta taunuwa, kuma gaskiya suka faɗa idan an cusa su a baki lokaci guda. Amma wanda ya tauna ɗaya da safe, ɗaya da hantsi, zai cinye su duka. Allah ya ba ɗalibanmu sa'a, ya sa albarka a kasuwa, amin.